Faifan da Na Wanke Ranar Juma'a

Wuro Hausa, Yola.

Fadimatu 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, ƙafa ba ta kumbura da zaman mota ba, mutanen gidan Bappanki kuma sun karɓe ki da sakin fuska. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba kya gani, Ya sa aikin nan ya zama alheri gare ki da waɗanda za ki yi wa.

Na sa takardar a ƙasan jakarki don na san ba za ki kai wurin ba sai kin isa. Kin san ni da magana. Muryata ba ta wuce bakin tabarma, in kuma na zo wurin da ke da nauyi sai in ce a bari sai anjima. A rubuce ba ni da wurin gudu.

Ranar da kika zo da takardar ɗaukar aiki, kin zauna kina yi mini bayani a hankali cewa kamfanin na da ma'aikata masu yawa, imel ɗinsu duka da rumbun bayanan da suke aiki tare a cikinsa suna hannun sashenku, naki aikin kuma shi ne ajiye kwafi don kada wani abu ya ɓata. Kika ga na tashi na shiga madafa, kika ɗauka ban gane ba ne. Na gane sarai. Na taɓa riƙe irin wannan aiki, ƙarami ƙwarai in an gwada da naki, kuma na yi ɓarna a cikinsa wadda ban taɓa gaya muku ba.

Kin san Rahila ta Ngurore, Maman Saratu, wadda ke zuwa mana kusan duk wata. Kin san ta rabu da 'yarta a gudun hijira, yarinyar tana da shekara biyar. Abin da ba ki sani ba shi ne, makonni kaɗan bayan rabuwarsu an gano inda Saratu take. Labarin ya zo hannuna ta imel, da hotonta da sunan mutanen da ke riƙe da ita da lambar waya. Ni na ɓatar da shi. Zan gaya miki yadda aka yi daki-daki, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

Lokacin kina ajin ƙarshe na firamare, ni kuma ina buga takardu a wata ƙungiyar agaji a Jimeta. Da mutane suka fara kwararowa daga arewacin jiha, wasu a ƙafa wasu a bayan motar kaya, sai aikinmu ya koma rajista. Ana zuwa sansanin Malkohi a rubuto da hannu: sunanka, garinku, wa ya ɓace maka, wa ka tsinta a hanya. Ni kuma in shigar. Akwai babbar kwamfuta guda a ɗakin baya, a cikinta imel ɗin ofis gaba ɗaya yake, da rajistar da kowa ke buɗewa ya ƙara nasa.

Wanda ya haɗa ta sunansa Bitrus, mutumin Numan, dogo mai yawan barkwanci. Hajiya yake kirana tun ban san hanyar Makka ba, in na hana shi sai ya ce addu'a ce yake yi mini kyauta. Da za a tura shi wani ofishi na ɗan lokaci, sai aka ce ni zan riƙe ajiyar kwafi, don an san ba na barin aiki ya kwana. Ya zaunar da ni ya ce:

"Hajiya, kwafi iri uku ne. Na farko cikakke, a kwashe komai da komai, imel da rajista, kamar mai tashi daga gida. Wannan sai ranar Juma'a, don yana cin lokaci, kuma sai kowa ya rufe rajista ya cire hannu. Na biyu, abin da ya ƙaru tun jiya kawai, kullum kafin ki tashi. Na uku, duk abin da ya canza tun Juma'ar da ta wuce. Ya fi na biyu nauyi amma ya fi shi sauƙin dawowa. Mu na farko da na biyu za mu yi, janaretanmu ba shi da haƙuri."

Ya ba ni faifai uku masu girman tafin hannu, ya manna musu lamba. Ya ce kowane mako da nasa, in mako ya ƙare in kai faifan gida Yola in ɗauko na gaba, kada in taɓa na ɗaya sai zagaye ya dawo kansa. Ya ce, "Kin gane?"

Na ce na gane.

Ya ce, "Wannan ganewar taki ta yi sanyi kamar kunun jiya."

Na yi murmushi na sunkuyar da kai, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Kuskurena na farko ke nan. Na gane yadda ake yi, wane wuri ake dannawa, wane ne ke bin wane. Ban gane dalilin faifai uku ba, alhali ɗaya ya isa ya ɗauki komai. Tambayar tana bakina. Amma namiji ne, ƙanina ne a shekaru, yana sauri, ni kuma ba na son a ce matar nan ta makarantar allo ba ta ɗaukar karatun boko. Fadimatu, ke ma kina da wannan kunyar, a wurina kika samo ta. Ki bar ta a gida. In an nuna miki wani tsari a ofis, kada ki tashi sai kin san abin da aka yi shi don ya hana. Mutumin da bai san dalilin abu ba, ranar da aka matsa masa shi zai fara jefarwa.

Haka kuwa aka yi. Mako bai cika ba wata abokiyar aikinmu mai zuwa sansani ta buɗe durowata tana neman biro, ta ga faifan. Ta ce, "Adda, ga biyu nan suna zaman banza, mu kuma hotunan yara sun cika mana waya. Ara mini ɗaya, jibi zan dawo da shi." Ban ma kai su gida ba tukuna, ina cewa sai ranar da na samu mota har ƙofa. Na ba ta. Bayan kwana kaɗan wani ma ya zo da irin wannan bukata, kuma bukatar gaskiya ce, na ba shi na biyun. Babu wanda ya dawo da nasa, ni kuma na kasa tambaya. Ban ga laifinsu ba har yau. Ni aka ba amana, ni na rabar.

Ki sani, kayan ajiya kullum kama yake da abin da ke zaman banza. Zaman shi ne aikinsa. Za a zo miki da murmushi a ce wurin ajiya ya cika, a rage tsofaffin kwafi, ko a ce a ari injin ajiya a yi wani aiki na gaggawa. Wataƙila ogarki ce ma za ta faɗa. Ki ce a'a da ladabi, ki faɗi dalili, in an dage ki ce a rubuta miki a sa hannu. Ba rashin kunya ba ne. Kuma kwafi ɗaya aƙalla ya kasance nesa da ginin, ba a jone da komai ba, inda wuta ko ɓarawo ko kuskuren hannu ba za su same shi tare da 'yan'uwansa ba.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini wuyar rubutawa.

A makarantar allo ta Modibbo inda na yi karatu a nan unguwa, ba a rubuta sabon karatu a kan tsoho. Sai an wanke allo tas, an jingina shi a rana ya bushe, sannan a ɗauki alƙalami. Shekara da shekaru hannuna ya saba da haka, har ya zame mini tsabta. Da faifai ya rage mini guda ɗaya, ban ko tsaya tunani ba. Duk Juma'a da safe sai in buɗe shi in goge komai, cikakken kwafin makon jiya da ƙananan kwafin kullum da ke biye da shi, in gan shi fes babu ko ɗigo, sannan in zuba sabo. Har daɗi nake ji. A ganina na fi Bitrus tsari.

Abin da na manta, Modibbo bai taɓa barin kowa ya wanke allo ba sai ya zo gabansa ya biya karatun da ka, ba tuntuɓe. Sai karatu ya tabbata a ƙirji ake barin ruwa ya taɓa allo. Ni na riƙe wankewar na yar da biyawar. Ko sau ɗaya ban taɓa buɗe kwafi na gwada dawo da wani abu daga cikinsa ba, ban kuma taɓa tambayar kaina ko abin da zan goge yana wani wuri ba.

Akwai kuma wata kwamfuta a ƙaramin ofishinmu na Yola wadda ke bin sawun ta Jimeta, duk abin da aka rubuta a can yana bayyana a nan. Da ita nake kwantar da hankalina. Bitrus ya taɓa ce mini wannan madubi ce, amfaninta in ta Jimeta ta mutu aiki ya ci gaba, kada in lissafa ta a cikin ajiya. Na ji da kunne kawai.

Wata Alhamis da hantsi saƙo ya shigo daga wata ma'aikaciyar jinya da ke taimakawa a wani gari kusa da iyaka. Jerin yara ne da aka tsinta, kowa da hotonsa. Ta huɗu yarinya ce da tabo a girar hagu, cikin riga mai ruwan ganye da ta yi mata yawa. Ni na shigar da bayanin da Rahila ta bayar kan 'yarta da hannuna, na san tabon nan kamar a jikin 'yata yake. A ƙasan hoton an rubuta sunan mai gidan da ke riƙe da ita, makiyayi ne, da lambar wani ɗan'uwansa. Na so in buga a takarda, tawadar injin ta ƙare. Motar Malkohi kuma tana ƙofa tana jira. Akwai wani wuri a akwatin imel da nake tura saƙonnin da na riga na shigar a rajista. Don murna da sauri na tura wannan can, da niyyar in na dawo in shigar. Ni da ke rubuta har adadin allurar ɗinki a gida, ban kwafi lambar nan a takarda ba.

Na sami Rahila tana wanke tukunya a bayan tanti. Na ce, "Maman Saratu, an ga yarinya mai tabo a gira."

Ta ajiye tukunyar a hankali. Ta ce, "Da rai?"

"Da rai. A tsaye take a hoton."

"Ina?"

Na faɗa mata garin.

"Gidan wa?"

Na ce, "Sunan yana cikin kwamfuta. Litinin tawada za ta zo, in kawo miki a takarda har da hoton."

Ta ce, "Kwamfutan ba zai manta ba?"

Na ce ba ya mantuwa.

Na dawo ofis ana shirin tashi. Na yi kwafin ranar kamar kullum, ban shigar da saƙon a rajista ba, na ce gobe. Juma'a da safe na tarar imel ya daina shiga, wuri ya cika da hotuna, shugabanmu kuma yana tsaye a kaina yana jiran wani saƙo. Na buɗe wurin saƙonnin da aka gama da su na share duka, na bi su har kwandon shara na zubar, don in ba haka ba wuri ba ya samuwa. Imel ya dawo, shugaba ya yi godiya. Sannan na ɗauko faifaina na wanke shi tas, na zuba sabon cikakken kwafi, na rufe ofis kafin masallaci.

Litinin tawada ta zo. Na nemi saƙo babu. Na hau keke-napep zuwa ofishin Yola, madubin ya bi sawuna ya goge nasa tun ranar. Na dawo na buɗe faifai. Kwafin Juma'a yana nan lafiya ƙalau, amma an ɗauke shi ne bayan na yi shara. Kwafin Alhamis, wanda saƙon ke cikinsa, shi na wanke da hannuna. Da faifai uku na nan, da yana kwance a ɗakina ba abin da ya same shi. A nan na gane dalilin ukun. Na nemi wadda ta aiko, ashe a ƙarshen makon nan garin nasu ma ya watse. Wayarta ba ta ƙara shiga ba, saƙonnin da na tura ba amsa.

Ki riƙe wannan da kyau. Ɓarna ba ta cika bayyana ranar da aka yi ta ba. Sai bayan kwana uku, ko mako, ko wata, wani zai zo ya ce ina saƙona. Saboda haka kwafin jiya kaɗai bai isa ba, dole akwai na makon jiya da na watan jiya, kowanne a zaune da kansa. Kada ki goge tsoho don sabo ya zo, sai kin buɗe sabon kin dawo da wani abu daga cikinsa kin gani da idonki. Ki sa wa kanki rana, ko ba wanda ya ce ki yi, ki zaɓi saƙo guda na wani ma'aikaci ki dawo da shi, wani lokacin kuma akwati sukutum, ki ga tsawon lokacin da zai ci. Kada ranar farko da za ki gwada ta zama ranar da mutum ke tsaye a kanki. Kuma kada ki sa abu a cikin waɗanda aka gama alhali da niyya kawai kika gama shi.

Kin ce mini yanzu komai a gajimare ake ajiyewa, ba a yawo da faifai a jaka. Na yarda zamani ya wuce ni. Amma gajimaren nan injin wani ne a ɗakin wani. Ki tambaye su, in ma'aikaci ya goge saƙo ya zubar da kwandon, kwana nawa ake riƙe masa kafin ya tafi gaba ɗaya. Ki tambaya ko abin da suke kira ajiya madubi ne mai bin sawu. In sun yi miki dariya ki bar su su gama, sannan ki sake tambaya.

Da a nan ɓarnata ta tsaya, da wataƙila an gyara. Abin da na yi bayan nan ya fi muni. Na yi shiru. Kwana goma sha ɗaya ban gaya wa kowa ba. In motar Malkohi za ta tashi sai in ce aiki ya yi mini yawa. Ina ta buɗe wurare ina dubawa ko zai fito, ina addu'a, kuma don kada a ce na yi sakaci na ci gaba da kwafin kullum a kan faifan nan, Juma'a ta zagayo na sake wanke shi. Ranar da Bitrus ya dawo na jira kowa ya fita cin abinci, na gaya masa.

Ya ce, "Yaushe?"

"Juma'a waccan."

"Tun daga nan kina ta rubutu a kai?"

"Kullum. Ban tsallake rana ba."

Ya cire tabarau ya zauna a kan benci. Ban taɓa ganin bakinsa babu wasa ba sai ranar. Ya ce, "Hajiya, abin da aka goge ba ya tafiya nan take. Yana nan kwance sai an rubuta wani abu a kansa. Da ranar Litinin ɗin kin kashe komai kin kira ni, da akwai fata. Ke kuma duk ofishin nan ba wanda ya kai ki ƙwazo."

Kwana uku yana fama. Abin da ya iya cetowa rabin hoto ne, daga goshi zuwa hanci. Tabon ya fito. Rubutun ƙasa bai dawo ba.

Fadimatu, za ki yi kuskure a aikin nan, ba wanda ba ya yi. Ranar da kika yi, ki ɗauke hannunki daga injin, kada ki gyara, kada ki ɓoye, ki tashi a lokacin ki gaya wa wanda ya kamata, ko da muryarki na rawa. Faɗan da za a yi miki na yini ɗaya ne. Ni tsoron faɗan yini ɗaya ya sa na binne abin da ake iya tonowa.

Washegari na shiga motar Malkohi da rabin hoton. A hanya zuciyata na ta ba ni shawara in ce inji ne ya lalace, kowa ya san injuna na lalacewa. Da na isa Rahila ta ga fuskata ta daina abin da take yi. Na ce, "Maman Saratu, sunan ya ɓata. Ba kwamfuta ba ce, ni ce na goge."

Ta karɓi takardar ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Da kin ce kwamfuta ne, da na yarda."

Na ce na sani.

"To yanzu me za ki yi?"

"Zan nema."

Ta ce, "Za mu nema. Kin ce makiyaya ne. Ke kina jin Fillanci, ni ba na ji. Amma kada ki zo mini da kuka, ina da nawa."

Da aka fara sallamar mutane daga sansani, 'yan garinsu suka koma, ita ta ƙi. Mijinta bai tsira ba, ba wanda ya rage mata sai yarinyar. Ta nemi gona a Ngurore ta zauna, saboda kasuwar shanu, don ta ce duk inda makiyayi ya kai, wata rana shi ko ɗan'uwansa zai ratsa ta nan. Ranakun kasuwa da kike ganin ina fita tun da safe, can nake zuwa. Ita ta riƙe hoto, ni in yi tambaya. Masu nono, dillalai, masu lodin mota, har sun san mu. Wani dillali yana ganinmu zai ce, "Ga 'yan sandan gira sun iso." Rahila ta ce masa, "Kai dai duba sanka, ɗingishi yake yi." Sau shida muna bin labari zuwa rugage masu nisa, mu tarar ba ita ba ce. Ba ta taɓa ce mini ta yafe ba, ban kuma taɓa roƙa ba, don ban ga ya dace in ɗora mata wani nauyin ba. In lokacin tafiya ya yi sai dai ta aiko a ce in shirya.

Tafiyar da na yi watan jiya, wadda na ce muku zan raka Rahila ban ƙara bayani ba, ita ce ta bakwai. Wata mai tallan nono ce ta kalli hoton ta ce ta san wannan girar. Kwana biyu muka yi a hanya, mota, babur, sannan ƙafa. Mun same ta, Fadimatu. Rahila ce ta ce kada a baza tukuna, amma ta yarda in gaya miki.

Ta zama budurwa, ta fi uwarta tsawo. Mutanen kirki ne suka riƙe ta, sun sa mata wani suna, tsohuwar gidan take kira Dada, wato uwa. Yaren uwarta ya tafi, Hausarta ta sayen gishiri ce kawai. Aka shimfiɗa mana tabarma, uwa a nan 'ya a can, ni a tsakiya ina juya magana. Tsohuwar ta ce, "Da aka ɗauki hotonta an ce mana za a zo. Mun wanke mata riga. Mun ƙi tashi da shanu har ciyawa ta ƙare a wurin, sannan muka tafi."

Na juya wa Rahila. Sai yarinyar ta yi magana karo na farko, idonta a ƙasa. Ta ce, "Me ya sa ba a zo ba?"

Na juya wannan ma, kalma da kalma, ban rage ba. Rahila ta dube ni ta ce, "Ke ki ba ta amsa. Ba sai kin juya mini ba."

Na gaya mata da Fillanci cewa uwarta ba ta yini ɗaya ba ta neme ta ba. Na ce labarin inda take ya zo hannuna, ni na goge shi, na kuma ɓoye har lokacin gyara ya wuce. Ta ɗago ta kalle ni. Ta ce, "Kin goge ne don ba kya so a same ni?"

Na ce a'a, ina gyara wuri ne.

Can ta tashi ta shiga bukka ta fito da ƙwaryar nono, ta wuce ni ta durƙusa ta ajiye a gaban Rahila. Rahila ta kama hannunta, ta sa babban yatsa a kan tabon. A nan ba su bukace ni ba.

Ba ta yarda ta baro rugar ba, ba wanda kuma ya matsa mata. Ta ce in an fara girbi za ta zo Ngurore ta yi mako guda ta gani. Na riga na gaya wa Babanku can zan tare a makon da za ta zo. In ta sake zuwa zan sake komawa, in ba ta zo ba mu za mu je. Zan zauna a tsakaninsu ina juya magana har ranar da za su ce in tashi in ba su wuri, ko shekara nawa zai ɗauka, in Allah Ya ba ni rai. Rahila ta fara koyon gaisuwa da Fillanci, tana karya harshe tana zagin malamarta.

Da na gaya mata irin aikin da kika samu, ta ce in faɗa miki, mutanen da za ki riƙe wa saƙo ba za ki san fuskarsu ba, amma kowane ɗaya akwai mai jiransa. Na yi mata alkawari zan rubuta yadda ta faɗa, ga shi na rubuta.

Ki gaida Bappanki da Goggo da yara. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci kafin ki fita, kada ki hau motar da ba ki natsu da ita ba ko da za ki makara. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki abokan aiki masu tsoronSa, Ya ba ki bakin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya haɗa kowace uwa da abin da take nema. Ki sa Rahila da Saratu a addu'a, ki sa ni.

Wassalamu alaikum.

Dadarki,
Asma'u